Malam, bitar da ka je, me ta canza a ajinka?

'Yan'uwa malamai, musamman ku da kuka kama aiki kwanan nan, ku lura da tambayar da muke yi wa wanda ya dawo daga bita: "Nawa aka ba ku?" Da wuya ka ji wani ya ce me aka koya. Ba raina kuɗin mota da na abinci nake yi ba, kowa ya san albashin malami ba ya kai ƙarshen wata. Amma a kwashe kwana uku ana horaswa, a raba jaka da biro da takardar shaida, ranar Litinin ka shiga aji ka juya wa yara baya kana cika allo kamar yadda ka saba, wannan aikin baban giwa ne.

Bari mu gama da maganar takardu tukuna, don ita ce mai sauƙi. A Najeriya NCE, wato takardar shaidar kwalejin ilimi, ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa. Wanda ya yi digiri a fannin da ba na ilimi ba, sai ya haɗa da PGDE, wato difilomar koyarwa ta bayan digiri. Cibiyar NTI da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, an yi ta ne don malamin da ke bakin aiki ya ƙaro karatu ba tare da ya bar ajinsa ba. Hukumar TRCN, da aka kafa a 1993, ita ke yi wa malamai rajista da ba su lasisi, jarrabawarta kuma a kwamfuta ake yi, don haka wanda bai saba da ita ba ya fara taɓawa tun kafin ranar. Abu biyu kawai zan ja kunne a kai. Kafin ka tafi ƙaro karatu, ka nemi izini a rubuce ta hannun hedimasta zuwa ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, ka adana kwafi, domin karatun da ba a san da shi ba yakan zama rigima ranar ƙarin girma. Sannan ka karanta abin da kake koyarwa. Malamin lissafi da ya je ya yi digiri a harkar mulki don ya fi sauƙi, kansa ya yi wa, ɗalibansa ba su ƙaru da komai ba.

Takarda kuma ba ita ce iyawa ba. A 2017 an yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa a Jihar Kaduna da tambayoyin 'yan aji huɗu, fiye da 21,000 ba su kai makin da aka yanke ba. Ana iya jayayya kan yadda aka tsara ta da korar da ta biyo baya, an kuma yi. Abin da ya shafe ka shi ne ka ɗauki littafin ajinka da dare, ka amsa aikin ƙarshen kowane babi kai kaɗai. Inda ka tsaya kana susar ƙeya, nan ne horonka zai fara.

Me ya sa bita ke bin iska? Sau da yawa ana horar da 'yan kaɗan, su horar da wasu, waɗannan su sauko wa na ƙasa, kafin abin ya iso makaranta ya zama ruwa-ruwa. Ana gwada dabarar da manya talatin a zaure mai fanka, kai kuwa yara tamanin ne a gabanka, rabinsu a ƙasa. An kuma ɗora maka abu goma a lokaci guda, ba wanda zai biyo ya ga ko ka gwada ko ɗaya. Maganinsa ka zaɓi abu guda tak, ka riƙe shi mako shida.

Kafin ka fara, ka auna. Buɗe rajista ka ɗauki yara goma, kana tsallake suna biyar-biyar, don kada ka kwaso 'yan bencin gaba da ka san za su fitar da kai kunya. Kira su ɗaya bayan ɗaya, minti ɗaya kowanne. Fara da ɗan gajeren labari na Hausa. Wanda ya kasa, ba shi kalmomi, in ya kasa a koma gaɓoɓi irin su ba, bi, bu, in ya kasa a koma baƙaƙe da wasula. Rubuta inda kowa ya tsaya. A nan ne malami kan gano cewa yaron da ke rera karatun allo da ƙarfi haddacewa ya yi, da an nuna masa kalmar a wata takarda sai ya yi tsuru-tsuru. A nan kuma za ka ga illar koya wa yaro sunayen haruffa na Turanci alhali Hausa zai karanta: ya ga "ci" ya ce "si", ya ga ɓ da ɗ da ƙ ya ɗauka b da d da k ne, bara da ɓara duk ɗaya a wurinsa. Sautin harafi ake fara koyarwa, sannan a haɗa shi da wasali.

Haka lissafi. Ka ba da 52 a ɗebe 27, yara da yawa su rubuta 35. Kada ka ja jan biro ka wuce. Yaron ya duba 2 da 7, ya ga ba a cire babba daga ƙarami, sai ya juya su ya samu 5, ya cire 2 daga 5 ya samu 3. Yana da ƙa'idarsa, gurguwa ce kawai. Maimaita masa "ka aro ɗaya" sau ashirin ba zai gyara ta ba, don bai san me ake arowa ba. Kawo tsinken tsintsiya, a ɗaura goma-goma: ɗauri biyar da tsinke biyu. Ce masa ya ba ka bakwai. Zai duba, ya ga dole ya kwance ɗauri guda. Ranar da ya kwance da hannunsa, ya gane aro. Duba littattafan yara da wannan idon ya fi bitoci da yawa amfani, kuma ba ya cin ko sisi.

Sai abin da muka fi gudu, wato wani ya shigo ya kalli darasinmu. Nemi abokin aiki guda, ku yi musaya sau ɗaya a mako biyu. Ya zauna a baya da takarda, kada ya sa baki. Ƙirga zai yi: minti nawa ka yi kana magana cikin arba'in ɗin, yara nawa ka tambaya, nawa ne mata, nawa ne na bayan aji, daƙiƙa nawa ka jira bayan tambaya kafin ka amsa wa kanka. Mafi yawanmu ba ma jira. Ka yi tambaya, ka ƙirga biyar a zuci, za ka ga hannayen da ba su taɓa tashi ba. Ka kuma daina "Kun gane?", don amsarta kullum "E, Malam" ce. Ba su tambaya guda su rubuta amsa, ka zaga ka gani.

Wannan tsari yakan lalace ta hanya biyu. Ko dai kara ta hana gaskiya, a tashi da "Ma sha Allah, Malam, ai ba gyara", ko mai kallo ya rikiɗe ya zama sufeto, ya kai labari ɗakin malamai. Ku zauna ku biyu a ranar, minti goma sha biyar, a faɗi abu guda da ya yi kyau da guda da za a gyara. Idan wanda ka kalla ya girme ka, ba sai ka yi masa gyara kai tsaye ba. Miƙa masa takardar ƙirgar ka ce, "Baba Malam, ga abin da na gani, yaya kake ganinsa?" Lambobin za su yi magana.

Ku kuma shugabannin makarantu, in takardar gayyata ta zo, a tura mai koyar da darasin, ba na hannun dama ba. Bitar karatun 'yan aji ɗaya ba ta da amfani a hannun malamin aji shida. Wanda ya dawo a ba shi minti arba'in cikin makon, ya koyar da darasin a gaban 'yan'uwansa kamar su ne ɗaliban, ba ya karanto musu takarda ba, kuma kada zaman ya koma lissafin adashe. A tuna da akawu mai riƙe bayanan ɗalibai da mai kula da ɗakin gwaje-gwaje, su ma aikinsu koyo yake so. In hedimasta ya shiga kallon darasi don taimako, kada takardar ta ƙare a fayil ɗin ladabtarwa, in ba haka ba gobe kowa darasin nuni zai shirya masa.

Wanda ba shi da abokin musaya, wayarsa ta isa. Ajiye ta a kan tebur ta naɗi murya kawai, ban da hoton yara, ka saurara a gida kana duba agogo. Bayan mako shida, ka sake kiran yaran nan goma, da takardar da ka gwada su da ita tun farko, ka rubuta sabon sakamako kusa da tsohon.