Yuro 136 ɗina da matar da ta ce wai ko tsintar bauchar na yi

Wallahi har yanzu jikina rawa yake. Jiya na tashi daga aikin dare, ko runtsawa ban yi ba na hau jirgin ƙasa zuwa cikin gari don in karɓi kuɗina, kuɗin da na biya tun watan Disambar 2019 na tikiti biyu na wasan metal (kiɗan rock mai ƙarfi), yuro 68 kowanne, wasan da aka ɗaga sau ɗaya saboda korona, aka sake ɗagawa, daga ƙarshe aka ce an fasa baki ɗaya. Duk wanda ke zaune a Jamus ya san labarin bauchar nan da suke kira Gutschein. A watan Mayun 2020 majalisa ta yi doka cewa duk tikitin da aka saya kafin 8 ga Maris na shekarar, mai shirya wasa zai iya riƙe kuɗinka ya miƙo maka takarda, in baka yi amfani da ita ba har 31 ga Disambar 2021 to sai ka je ka nemi tsabarka. Wato bashi ne aka ci a hannunmu ba tare da an tambaye mu ba, ba ruwa ba na gode. To na yi haƙuri, Janairun 2022 ta kama, na je shagon da na sayi tikitin.

A bakin ƙofa sai da na nuna shaidar rigakafi a waya, na nuna katin shaida, na gyara takunkumi, duk na yi babu musu. Na isa kanta na gaishe ta na ajiye takardar. Bata amsa gaisuwar ba. Ta ɗauki takardar da yatsu biyu kamar wadda ta tsinto a kwata, ta karanta sunan mawaƙan, ta ɗago ta min kallon tara saura kwata, ta sake kallon takardar, ta sake kallona.

Tace, "Wannan taka ce?"

Nace tawa ce, ga sunana nan a jiki.

Tace, "Kai kake jin irin wannan kiɗan?"

Nace Madam ni kuɗina na zo karɓa.

Sai ta juya wajen abokin aikinta ta ce wani abu ƙasa-ƙasa suka yi dariya ta hanci, sannan ta juyo tana min magana a hankali kalma ɗaya-ɗaya kamar mai koya wa yaro karatun allo, wai mutane sukan tsinci irin waɗannan takardun, don haka in kawo asalin tikitin. Na zaro tikitin daga jaka. Wai in kawo rasit. Na zaro rasit, don na san halinsu. Nan fa ta rasa abin cewa, ta ɗan danna kwamfuta na kusan minti biyu, na tabbata ba abin da take dubawa, sai tace ai su dillalai ne kawai, kuɗi yana hannun wanda ya shirya wasan, in rubuta masa. Nace na rubuta masa sau huɗu, ba amsa. Ta ɗaga kafaɗa. Nace lokacin da na zo biya ai ke kika karɓa, baki ce in je in nemo mai shirya wasa ba. Tace, "Na gaba!"

Na gaba. Babu kowa a bayana jama'a. Ni kaɗai ne a shagon, ni da ita da mai dariyar hanci.

Abin da ya fi ƙona min rai ba ma kuɗin ba ne, tambayar nan ce. Ni da tun ina sakandare a Kaduna nake ɓoye iyafis a ƙarƙashin filo saboda yayana yace kiɗan aljanu ne, na sha gori a gida na zo nan kuma wata zata tantance ko na cancanta. Shekara biyu mu masu sauraro muka yi muna ɗauke da harkar kiɗan nan a ka. An ce ku sayi riga don masu jan wayoyi da direbobin mawaƙa su ci abinci, mun saya. An ce ku biya ku kalli wasa kai tsaye ta intanet, na biya, na zauna a kicin ina gyaɗa kai ni kaɗai kamar ƙadangare, maƙwabciyata tana buga bango. An ce ku yi odar faifan garmaho tun kafin ya fito, na yi, wata bakwai ina jiran gawon shanu wai masana'antun buga faifai sun cika.

Mu kanmu masu sauraro kanmu ya rabu. Wasu na cewa a saki albam yanzu, mutane na kulle a gida, yanzu ne ake buƙatarsa. Wasu na cewa a'a, albam ba rangadi asara ce, don kuɗin yana wajen tikiti da riguna, abin da Spotify ke biya ko kuɗin igiyar gita bai kai ba. Trivium suka saki nasu a Afrilun 2020 ana tsakiyar kulle, Lamb of God suka matsar da nasu daga Mayu zuwa Yuni, Iron Maiden kuwa tun 2019 suka gama naɗa nasu suka danne abinsu sai Satumbar 2021. Ni ina ɓangaren a saki, amma ban taɓa zagin wanda ya riƙe ba, kowa ya san inda takalminsa ke matsa masa. Sai ga shugaban Spotify Daniel Ek a bazarar 2020 yana koya wa mawaƙa sana'arsu, wai ba zai yiwu ka dinga fitar da waƙa sau ɗaya a shekara uku ko huɗu ka ce ya isa ba. Mutanen da aka rufe wa hanyar abinci ake ce wa su ƙara himma. Kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi.

Ita gwamnati kuma kar ma a fara. 16 ga Mayun 2020 aka dawo da Bundesliga, wata biyu kacal da tsayarwa, don ƙwallo ba a wasa da ita. Lufthansa, kamfanin jirgin sama, aka tallafa mata da yuro biliyan 9. Harkar al'adu gaba ɗayanta, daga gidan wasan kwaikwayo har ɗan kulob ɗin da ke ɗaukar mutum 200, biliyan 1 aka fara ware musu sai daga baya aka ƙara, ragowar giɓin kuma aka ce ɗan aikin dare irina ya cike da bauchar dole. Bikin metal na Wacken, ƙauyen da a lokacin mutum 75,000 ke cika duk shekara, an soke 2020 an soke 2021, mawaƙan Rammstein sun ɗaga rangadinsu har sau biyu, amma a Yulin 2021 da idona na ga sama da mutum 60,000 a Wembley suna rungumar juna a wasan ƙarshe na gasar Euro. Ashe korona ma tana da kulob ɗin da take goyon baya. Ban ce cutar ƙarya ba ce, na yi allura uku, na san waɗanda ta kwantar. Cewa nake in za a yi rabon wahala a raba daidai, kuma wanda ya rubuta dokar nan da ya rubuta ƙofar da zan ƙwanƙwasa ranar da mai shirya wasa ya daina ɗaga waya.

Na dawo gida na liƙe bauchar a jikin firij. Ina buɗe waya sai ga saƙon imel daga kamfanin nan dai da ya ƙi amsa wasiƙuna huɗu, wai albishirinku, an buɗe sayar da tikitin kaka mai zuwa, a hanzarta kafin ya ƙare. Yuro 79.