Hutun mai kula da yaro ba yasar da shi ba ne

Mutane da dama idan suka ji an ce wata uwa ta kai ɗanta mai galahanga wani gida ya kwana biyu, sai su ɗauka ta gaji da shi ne ko tana neman rabuwa da shi. Wannan fahimta kuskure ce. Hutun na ɗan lokaci ne, yaron kuma gidansu yake komawa.

A Ingila, tun 2011 doka ta wajabta wa ƙananan hukumomi su tanadi irin wannan hutu ga masu kula da yara masu nakasa, sannan dokar kula ta 2014 ta ba mai kula da babba 'yancin a tantance bukatunsa shi kansa. Wani lokaci ma'aikaciya ce ke zuwa gida na 'yan sa'o'i, wani lokaci kuma yaron ne ke kwana wurin iyalin da aka horar.

Dalilin a fili yake ga wanda ya taɓa ganin uwar da ke tashi sau uku cikin dare domin ta juya ɗanta a kan gado, ta sauya masa shimfiɗa, gari ya waye kuma ta ba shi abinci cokali-cokali, shekara da shekaru ba fashi. Jiki da jini ne. Idan ta kwanta ciwo, yaron ne farkon wanda zai tagayyara. A ƙasar Hausa kaka ko gwaggo kan ɗauki wannan nauyi, sai dai ba kowane gida ke da su kusa ba.