Kwanon da Ba Ya Kifewa

Duk mai sayar da kayan kicin a Zariya ta san kayan yara ne ke tafiya yanzu. Uwa za ta tsaya ciniki a kan tukunya har ku kusa ɓatawa, amma ta ƙyalla ido ta ga faranti mai kunnen zomo, sai ta zuge jaka ko tayi babu. Sana'ata ke nan, a gida nake yi a Tudun Wada, ina saro kaya a Kasuwar Sabon Gari, wani lokacin in leƙa Kano. Ba na tallar abin da ban gwada ba, kuma da yake Allah ya hore mini 'yan gwaji uku kyauta, Abba da Ummi da Auta, sai na ware saiti guda cikin sabon kaya, na yi shela cewa daga yau an daina cin abinci a tire ɗaya, kowa da kwanonsa.

Auta aka fara da shi, don shi ne gwanin kifar da kwano. Nasa irin mai mannewa ne. A gindinsa akwai faifan silikon mai laushi, in kin danna sai iskar da ke ƙarƙashi ta fice, ta waje kuma ta danne shi ya kafe. Sharaɗinsa ɗaya ne, wurin ya zama sumul, ba rami ba ƙura. Mu kuwa a tabarma muke cin abinci, kuma tabarma saƙa ce, iska na ratsa ta ta ko'ina. Na danna, na sake dannawa har da gwiwa, kwano ya ce bai san zancen ba. Daɓen siminti ma ya ƙi, saboda 'yan ƙofofin da ido ba ya gani. A ledar ɗaki ya kama, amma in an ja sai ledar ta biyo shi. Sai dabara ta zo mini, na ɗauko tiren silba na manna shi a kai, ya kama gam. Na zuba tuwo da miyar kuka, na koma gefe na harɗe hannu.

Auta ya ja kwano, bai zo ba. Ya ƙara ja. Ya dube ni, ya dubi kwano, sannan ya sa hannu biyu ya ɗaga tiren gaba ɗaya ya kifa a kansa. A da tuwo kaɗai nake kwashewa a ƙasa, ranar har cikin kunne na wanko kuka.

Wurin da kwanon nan ke aiki da gaske shi ne tayil ko teburin da aka yi wa fomeka. A goge wurin da tsumma, a ɗiga ruwa kaɗan a gindin kwanon, a danna daga tsakiya kafin a zuba abinci. Haka na yi a falo wata Juma'a, Auta ya ci ya bar saura ya yi gaba. Sai ga Baban Abba ya fito cikin farar shadda, ta sha bugu tana ɗaukar ido, zai wuce masallaci. Ya ga kwano a kan hanya, ya sunkuya zai kawar.

"Maman Abba, wa ya sa wa kwano gam?"

"Baban Abba dakata, akwai ɗan kunne a gefe, shi ake..."

Ban ƙarasa ba ya sa ƙarfin maza. Wannan ɗan kunnen da ke leƙowa a gefen faifan shi ne makullin, kina ɗaga shi da yatsa iska ta shiga, kwano ya saki salin alin. In kuwa da ƙarfi aka fizga, lokaci guda yake saki, abin da ke ciki kuma sama yake yi. Miyar kuɓewa ce ranar. Tun daga aljihun gaba har hula. Bai ce komai ba, ya koma ɗaki ya fito da tsohuwar jallabiya, sai da ya kai bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Allah ya ba da kasuwa." Shi kuwa Auta, kafin magariba ya gano kunnen da kansa, ba wanda ya koya masa.

Ummi da Abba faranti mai gida uku na ba su. In shinkafa ce da wake da soyayyar ayaba, ba abin da ya kai shi kyau. Amma a duba tsayin katangar da ta raba gidajen, in ba ta kai gaɓar yatsa ba, ado ce kawai. Ko ta kai ma, miya mai yauƙi ba ta san iyaka ba, kuɓewa da karkashi suna bin loma su tsallaka duk inda ta je. Ummi da ke cakuɗa tuwo da miya tana sha ba gardama, farantin nan ya koya mata cewa abinci bai kamata ya taɓa ɗan'uwansa ba. Sai ka ji ta fashe da kuka, "Mama, miya ta shiga ɗakin tuwo!"

Ta Abba ta fi tsada. Abincinmu na dare abu biyu ne, tuwo da miya, faranti kuma gida uku. Ya zuba wa gidan da ba kowa ido, ya ce, "Mama, na nan fa?" Na ce nan ba a sa komai. Ya ce to me ya sa masu faranti suka yi shi? A ganinsa gidan nama ne, kuma haƙƙinsa ne aka danne. Uban ya ji, ya ce shi dai kuɗin cefanensa na gida biyu ne, wadda ta kawo na ukun ta san yadda za ta yi da shi. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka. Yanzu rabin dafaffen ƙwai nake sawa, ko yankan kokwamba, ko kankana in lokacinta ne.

Wata magana da nake gaya wa duk mai saye ita ce ta abin da aka yi farantin da shi. Masu zanen nan masu sheƙi, da ke kama da faɗi-ka-mutu amma ba sa fashewa da wuri, yawanci melamin ne. Ba a sa shi a microwave, ba a kuma son zafin abin da ke ciki ya haura digiri 70 a ma'aunin Celsius, tuwon da aka kwaso yanzu daga tukunya kuwa ya wuce haka nesa. A bari ya sha iska a kwanon silba tukuna. Kada a dirje shi da soson ƙarfe, in ya karce ko ya tsage a hutar da shi. In roba ce, a juya gindinta, za a ga lamba cikin 'yar alama mai kusurwa uku, mai 5 tana cikin waɗanda suka fi jure zafi. Aibinta manja da tumatir, suna rina ta, farar roba ta koma ja. A wanke da sabulu da zarar an gama, a shanya a rana, jan yana raguwa.

Cokali mai canza launi in abinci ya haura wajen digiri 43 ba zan daɗe a kansa ba. Ummi ta mai da kanta jami'ar bincike, tana bin kwanon kowa tana tsomawa, har shayin babanta.

Kofi mai murfi da bututun zuƙa an yi shi ne don ruwa da madara. Ni kunun gyaɗa na zuba. Akwai ɗan bawul a cikin murfin da ke hana zuba, kauri da ƙwayar shinkafar kunu suka toshe shi, Auta ya zuƙa har idonsa ya yi ja. Na cire bawul ɗin na mayar da murfi. Ashe kunu mai ɗumi in aka rufe shi ruf, iskar da ke sama tana kumbura ta tura shi ta bututu, sai ga shi yana tsartuwa shi kaɗai a kan kujera. Fura ma kada a fara, gudajinta ba ya wucewa. Kuma kullum a warware murfi da bawul da bututu a wanke daban-daban da siririn buroshi, a bari su bushe sarai kafin a haɗa, in ba haka ba baƙin fumfuna ke taruwa a lungun da ba a gani.

Abin da na ɗauka zai wanke ni shi ne mazubin alale na silikon mai siffar kifi. Wannan kam yana aiki. A shafe cikinsa da mai har wutsiya, a zuba ƙullu kashi uku cikin huɗu don yana tashi, a jera a madambaci ba a cikin ruwa tsundum ba, tunda ba shi da murfi. Ƙanana ne, wajen minti 30 sun nuna. A bar su minti 10 kafin a juye, in an yi gaggawa wutsiya ke maƙalewa. Kifaye suka fito har da ɓawo da ido. Abba ya gutsura, ya tauna, ya ajiye, ya ce wannan kifin ƙarya ne, an yaudare shi da wake. Ummi kuma ta ce nata yana kallonta, ba za ta ci ba, ta lulluɓe shi da hankici ta kai shi bayan kujera ya yi barci. Sai da wari ya tashi muka gano makwancinsa.

Launi kuwa, mai yara fiye da ɗaya ta sayi iri ɗaya, kala ɗaya. Na kawo ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, duk ukun suka ce ja suke so.

Ana cikin wannan shari'ar Hajiya, mahaifiyar maigidan, ta iso daga Ƙofar Gayan. Ta zauna ta kalli rigimar jan faranti, ta ce, "Ke 'yar nan, miƙo min tire." Ta juye tuwon duka wuri guda, ta kwarara miya, ta ce bismillah. Ummi da sai an bi ta da cokali, tana ganin hannun Abba ya nufi ɓangarenta ta hau kai loma ba ƙaƙƙautawa. Auta dai sai da aka ware masa nasa a gefe, don a tire ɗaya ƙarami ne ke tashi da yunwa.

Da za ta tafi sai na ga farantin nan ja a bakin jakarta. Ta ce ya yi mata daidai, maganin safe a gida ɗaya, na rana a ɗaya, na dare a ɗaya, kuma hakan zai kashe rigimar yara. Na yi ƙasa da murya na ce, "Hajiya, ai na sayarwa ne, saiti ne." Ta ce to madalla, in haɗo mata da kofin da cokalin kada saitin ya rabu, kuɗin kuma in rubuta a sunan ɗanta.