Hatimi ba ya yin kati, hannu ke yi

Abin da aka yi wa baiwar Allahn nan jiya bai dace ba, kuma ba zan yi shiru ba. Kun dai gani da idonku. Ta saka hotunan katunan gaisuwar da ta yi a intanet, wani ya zo ya ce wai wannan ba aikin hannu ba ne, wai hatimi kawai ta danna a takarda, ko yaro ma zai iya. Wasu suka biye masa suna dariya. Kafin dare ta goge hotunan gaba ɗaya, kuma gogewar nan ce ta fi ɓata min rai, domin na san irin zaman da aka yi kafin katunan nan su fito.

Malam, hatimi ba ya yin kati. Hannu ke yin kati. Wanda ya ce dannawa ce kawai bai san dawar garin ba, kuma na tabbata bai taɓa riƙe hatimin roba da niyyar fitar da abu mai kyau ba.

Tun kafin a taɓa tawada aikin ya fara. Za ka zaɓi kwali mai kauri, galibi mai nauyin giram 250 zuwa 300 a kowace murabba'in mita, domin in ya yi laushi katin ba zai tsaya a kan tebur ba. Takarda kuma tana da ɓangaren da zarenta ya kwanta. Ka ninke ta ta inda ba ta so, bakin ninkin ya tsage, farin ciki ya leƙo, musamman a kwali mai duhu. Shi ya sa ake fara jan layi da wani abu mai santsi a danne wurin kafin a ninke. Ka raba kwalin A4 biyu, ka ninke kowane rabi, ka sami kati mai milimita 105 da 148, daidai shiga ambulan C6. Takardar da za ka liƙa a fuskar katin sai ka rage mata 'yan milimitoci a kowane gefe, kuma in gefe ɗaya ya ɗara sauran ko da kaɗan ne, ido zai gani tun daga nesa. Duk wannan hatimi bai shigo ba tukuna.

Sai dannawar da ake rainawa. Ba a goga hatimi a kan tawada, ɗan bubbuga shi ake yi har ta kama ko'ina daidai. Sannan a sauke shi a miƙe, a danna, a ɗaga a miƙe. Hannunka ya ɗan karkata, hoton ya fito da inuwa biyu. Ka sassauta, tsakiyar furen ya fito babu komai. Ka danna da ƙarfi, siraran layuka su baje, musamman a hatiman nan masu kama da gilashi da ake mannawa a kan dunƙulen roba mai haske. Kuma babu maɓallin komawa baya. Ka ɓata, ka ɓata kwalin da ka yi ta aunawa kana yankawa, sai ka koma farko.

Tawadar ma iri-iri ce, kuma rashin saninta na kashe aiki. Akwai mai nutsewa cikin takarda ta bushe nan da nan. Akwai mai kauri da ke zama a sama, wadda in ka yi gaggawar taɓawa za ka ja baƙi har gefen katin. In da alƙaluman launi masu sinadarin alkohol irin su Copic za ka cike hoton, dole ka buga shi da tawadar da ba za ta narke ba, irin su Memento. In da launin ruwa za ka yi, sai ka nemi wadda ruwa ba ya wankewa. Wa ya san wannan? Hatimin? A'a, mai aikin ce ta sani, kuma da ɓarnar takarda mai yawa ta koya.

Na lura da katin nan nata mai furen da ganye ya leƙo ta bayansa. Wanda ya yi mata dariya bai tambayi kansa yadda aka yi ganyen ya koma baya ba. Sai ta buga furen a kan katin, ta sake buga shi a wata 'yar takarda marar kauri, ta bi shi da almakashi ta yanke shi ɗan ciki kaɗan da layin, ta rufe na kan katin da shi, ta buga ganyen a kai, sannan ta ɗaga. In ta yanke daidai kan layi ko waje da shi, wani farin zobe zai zagaye furen ya tona asirin aikin. A nata babu wannan zoben. Rubutun zinaren da ya taso a ƙasa kuma, da tawada marar launi mai danƙo aka buga shi, aka barbaɗa gari, aka kakkaɓe, aka bi da ɗan burushi aka ɗauke kowane ƙwayar da ya maƙale inda ba a so, sannan aka hura masa zafi har ya narke ya yi sheƙi. Daƙiƙu kaɗan ne tsakanin ya yi kyau da takardar ta ƙone. Ka ce min yaro zai iya?

Na san abin da za a ce: ai ba ita ta zana furen ba. To sai me? Tela ma ba shi ya saƙa yadin ba, amma ba ka taɓa ce masa ba shi ya ɗinka rigarka ba. Ka ba mutum goma hatimi ɗaya, za ka karɓi kati goma da ba su yi kama da juna ba, wasu ma ba za su aiku ba. Kuma tun asali haka sana'ar take. Katin Kirsimeti na farko da aka buga don sayarwa, wanda Henry Cole ya sa aka yi a Landan a 1843, John Callcott Horsley ne ya zana shi, aka buga guda 1,000, sannan aka bi su da hannu ana sa launi. Esther Howland ta garin Worcester a Amurka, wadda ta yi suna da katunan masoya a tsakiyar ƙarni na 19, daga Ingila take samo takardun ado masu huji-huji, ita da matan da ta ɗauka aiki suna yankawa suna liƙawa. Babu wanda ya cire sunanta daga tarihi don ba ita ta ƙera takardar ba. Shi kansa hatimin roba bai samu ba sai bayan da Charles Goodyear ya yi rajistar hanyar ƙarfafa roba a 1844, kuma a ofisoshi ya fara zama, ana buga kwanan wata da shaidar biya. Hannun mutane ne ya ɗauko shi daga can ya mai da shi kayan ado.

Masu cewa ɓata lokaci ne, ai da hoto aka tura ta waya an huta, ba zan tsaya dogon musu da ku ba. Ku tura, babu mai hana ku. Masu cewa na kanti ya fi tsafta, gaskiya ne, inji ba ya karkata. Kamfanin katunan gaisuwa na Hallmark tun 1910 suke wannan harka, sun kuma iya ta. Amma na kanti an yi shi ne don duk wanda ya saya. Wannan kuwa an yi shi ne don mutum ɗaya. Mai yin sa ta zauna ta tuna cewa ƙawarta da ke kwance a asibiti shuɗi take so, ba ta son hayaniya, sai ta bar rabin katin fari, ta sa fure ɗaya a kusurwa, ta rubuta layi biyu a ciki da hannunta. Irin wannan katin ne ake jinginawa a gefen gado, a sallami mutum ya tafi da shi gida, shekaru su wuce yana cikin akwati. Tsakani da Allah, mutumin da ya ba da yammacinsa don ya faranta ran wani bai cancanci a yi masa dariya a bainar jama'a ba.

'Yar'uwa, in wannan ya iso gare ki, ki mayar da hotunan. Ki ƙara da na teburinki yadda yake, da tarkacen takarda da yatsunki masu tawada da waɗanda suka lalace kafin mai kyan ya fito, don mutane su ga abin da hannu ya yi.

Tun da ana maganar, ina roƙon masu wannan sana'a su rage ƙyalƙyalin nan da ake barbaɗawa. Yawancinsa roba ce aka niƙa ƙanana, yana bin ruwan wanke hannu ya tafi, kuma katin da aka cika da shi ba ya shiga cikin takardun da ake sake sarrafawa. Tarayyar Turai ta hana sayar da na barbaɗawa wanda aka yi da roba tun watan Oktoban 2023. Akwai wanda ake yi daga tsirrai yanzu, yana ruɓewa, kuma a kan kwali mai duhu ba za ka bambanta shi da wancan ba.