Ƙara daban, ƙarfi daban

Jama'a, ban so in tanka ba, amma tunda wani ya hau Facebook jiya ya ce tsofaffin makanikan Birnin Kebbi hassada ce ke cin su don zamani ya wuce su, to bismillah. Ban kama sunan kowa ba. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Kai mai wannan magana, da kake yanke akwatin iska na mashin ɗin mutane, kana cusa bututun roba yana kallon gaba, kana ce musu iskar hanya za ta danno ta ƙara wa inji doki, wato ƙarfi, ka zauna ka yi lissafin kuwa? Ba ka yi ba, don da ka yi da kunya ta hana ka karɓar kuɗin kowa. Iskar da ke bugun gaban abin hawa a gudun kilomita 100 a awa, abin da take ƙarawa kan matsin iskar da ke kewaye da mu bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. In gudu ya ninka, ƙarin matsin ya ninka sau huɗu: a 200 ya kusa kashi 2, a 300 wajen kashi 4. To Boxer na kabu-kabu, wanda dokinsa bai kai goma ba, ga fasinja biyu ga buhun shinkafa, yaushe zai ga 100 tsakanin Kalgo da Jega? Abin da mai mashin zai ji ya canza, kukan inji ne kawai. Ƙara daban, ƙarfi daban.

Kuma kar ka je ka ce na ƙaryata abin gaba ɗaya, don na san halinka na juya magana. Dabarar gaskiya ce a wurin da ta dace. Kamfanin Kawasaki sun saka ta a mashinsu ZZR1100 tun 1990. A mashinsu ZX-10R su da kansu sun rubuta doki 203, in iska ta danno ya kai 213, amma sai mashin ya doshi gudun 300. Akwatinsu a rufe yake ruf, ba inda iska ke zurarewa, kuma an tsara mai ya ƙaru daidai da iskar. Motocin Pontiac GTO na Amurka da suka yi suna da wannan a shekarun 1960, yawancin ribarsu daga sanyin iskar waje take, don iska mai sanyi ta fi wadda ta gasu a cikin bonet nauyi. Kai fa? Bututun famfo da salatif.

Abin da ya ƙona min rai ke nan. An turo min wani mashin da ya bi ta hannunka, yana hayaƙi shuɗi, yana shan baƙin mai. Na kwance. Fulogi ya yi fari fat, alamar iska ta rinjayi mai, inji yana ta gasuwa. Na zura yatsa cikin bulo, na ji zane-zane a bango daga sama har ƙasa, ringi ya cinye, ga yashi a maƙogwaron kafireta har yana kama farce. Soson tace iska kuwa babu shi, ka cire ka yar, wai yana shaƙe inji. A garin da ƙurar hunturu ke rufe rana! Mai mashin yaro ne da ke biyan balas kullum, ya tsaya a kaina yana tambaya, "Baba, nawa zai ci?" Na kasa kallon idonsa. Ya biya ka don ya ji ƙara, yanzu zai biya fistin da ringi. Ƙara daban, ƙarfi daban.

Ni ne mai hassada? Hassadar me? Hannun da kake nunawa a bidiyo, wa ya koya masa riƙe sifana? Wa ya tsaya maka ranar da ka ƙona injin mutane, mai shi ya zo da ɗan sanda? Ban taɓa faɗa ba sai yau, kuma kai ka jawo. Ban hana ka cin abinci ba, ban taɓa tare kwastoma a hanyar shagonka ba, duk layin nan shaida ne. Har mutane nake turo maka in aiki ya yi min yawa. Sakayyar ita ce ka kira ni tsohon yayi a gaban yaran da suke gaishe ni. Wallahi ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba.

Kuma masu danna maka alamar so, su ma ina ganin su.

In ka yarda da bututunka, kawo mashin biyu iri ɗaya, mai ɗaya, direba ɗaya, mu hau titin Argungu da safe a gaban shaidu, a riƙe agogo. In ba za ka iya ba, ka mayar wa yaron nan kuɗinsa kafin Juma'a, ka kuma ɗauki rabin kuɗin gyara. Fistin ɗin yana nan a ajiye cikin leda, na riga na ɗauki hotonsa.