Kolmani: a faɗa mana abin da gwajin rijiyoyin ya nuna

Ranar 22 ga Nuwamban 2022 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya je Kolmani, a kan iyakar Bauchi da Gombe, ya ƙaddamar da aikin haƙar ɗanyen mai. An shaida wa jama'a cewa akwai sama da ganga biliyan 1 kwance a ƙarƙashin ƙasar, ga iskar gas mai ɗimbin yawa, kuma za a gina matatar mai da masana'antar taki da tashar lantarki a wurin. Mutanen Alkaleri da Akko sun yi murna, kuma babu mai ganin laifinsu. Sai ga shi a 2025 sabon shugaban kamfanin mai na ƙasa NNPC, Bayo Ojulari, yana cewa za a koma bakin aiki a Kolmani. Ba a komawa sai inda aka bari.

Wasu na cewa tun farko yaudarar siyasa ce, babu mai a Arewa. Wasu kuma na cewa man yana nan, maƙiya ne suka danne shi. A ganina duka ɓangarorin biyu suna gardama ne a cikin duhu, domin hukuma ba ta fito da abin da zai raba gardamar ba, wato sakamakon gwajin rijiyoyin.

Ɗanyen mai ba tafki ba ne a ƙarƙashin ƙasa da za a zura tiyo a zuƙo. Yana maƙale ne a ƙananan ƙofofin dutse, kamar ruwa a cikin soso, kuma sai an samu wani dutse marar ƙofa a samansa da ya hana shi tserewa. Kafin a haƙa, masana kan girgiza ƙasa da manyan motoci ko 'yar nakiya, na'urori su saurari amsa-kuwwar da ke dawowa, a zana taswirar duwatsun da ke ƙasa. Taswirar tana nuna inda mai zai iya taruwa ne kawai. Ko ya taru ko bai taru ba, sai bakin ƙarfen haƙa ya je ya gani.

Shi ya sa ake kafa injin haƙa mai dogon hasumiya. Bakin ƙarfen yana juyawa yana niƙe dutse, ana ƙara masa bututu bayan bututu yana nutsawa. Ta cikin bututun ake tura wata laka mai nauyi da aka haɗa ta musamman: tana sanyaya bakin ƙarfen, tana ɗauko ɓarɓashin dutse zuwa sama, kuma nauyinta ne ke danne mai da gas kada su ɓarke su taso da ƙarfi. Duk bayan wani zurfi sai a tsaya, a zura bututun ƙarfe mai kauri, a cika bayansa da siminti, sannan a ci gaba da ƙaramin baki. Rijiyar Kolmani River II da NNPC ya fara haƙawa a Fabrairun 2019 ta haura zurfin kilomita 4 kafin a sanar, a Oktoban shekarar, cewa an ci karo da mai da gas.

To a nan ne aka fi ruɗa mutane. Rijiya ɗaya tana tabbatar da cewa akwai mai a daidai inda ta huda. Ba ta faɗin iyakar faɗin filin, ba ta faɗin ganga nawa za ta riƙa bayarwa a rana tsawon shekaru. Sai an haƙa wasu rijiyoyin a kewaye, an buɗe su mai ya kwarara na wani lokaci, an auna yawansa da ƙarfin da yake fitowa da shi da yadda ƙarfin ke raguwa. Kuma ko a filayen da suka yi kyau, abin da ake iya fitarwa yawanci bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ke kwance ba. Saboda haka idan aka ce ganga biliyan 1, tambayar farko ita ce: wanda ke cikin dutse ake nufi, ko wanda zai fito? Tsakanin amsoshin biyu akwai ɗaruruwan miliyoyin ganga.

Tarihin neman mai a Arewa ma ya isa ya sa mu yi wannan tambaya. NNPC ya haƙa rijiyoyi 23 a yankin Tafkin Chadi, biyu ne kawai suka nuna gas, shi ma ba na kasuwa ba. A 1999 kamfanin Shell ya haƙa Kolmani River I, ya tarar da gas da bai kai a zuba masa jari ba, ya tattara ya tafi. A Yulin 2017 'yan Boko Haram suka yi wa ayarin masu binciken mai kwanton ɓauna kusa da Magumeri, aka rasa rayuka da dama, ciki har da ma'aikatan Jami'ar Maiduguri. An biya wannan nema da dukiya da jini. Ba abin kunya ba ne rijiya ta fito fayau, haka sana'ar take a ko'ina. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kashe kuɗin jama'a a ɓoye musu sakamako. Dokar man fetur ta 2021 ta ware kashi 30 cikin 100 na ribar mai da gas da NNPC ke samu a wasu kwangilolinsa domin neman mai a sababbin yankuna irin su Kolmani. Wanda ya biya kuɗin haƙa yana da haƙƙin ya ji abin da aka gani.

Nijar ta nuna mana sauran tafiyar. Tun shekarun 1970 aka san da mai a yankin Agadem, amma ya yi ta kwanciya domin babu hanyar kai shi kasuwa. Sai da kamfanin CNPC na China ya shigo a 2008, ya shimfiɗa bututu mai tsawon sama da kilomita 460 zuwa matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram, sannan a 2011 man ya fara fitowa, ganga 20,000 a rana. Fitarwa waje kuwa sai a 2024, bayan an kammala bututu mai kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Jamhuriyar Benin, kuma ko a lokacin saɓanin ƙasashen biyu ya kawo cikas ga lodin jiragen. Kolmani ma nesa yake da teku. Ko dai a gina matata a wurin, ko a ja bututu, kuma babu mai zuba biliyoyin daloli a ɗaya daga cikinsu sai ya ga alƙaluman da mu aka hana mu gani. Ya kamata gwamnonin Bauchi da Gombe da 'yan majalisar yankin su bar takaddamar a jihar wa rijiya ta faɗa, su haɗa baki su nemi NNPC da NUPRC, hukumar da ke sa ido kan haƙar mai, su bayyana rijiya nawa aka gwada, ganga nawa kowacce ta bayar a rana.

Akwai kuma abin da ya fi damuna, wato simintin nan da na ambata. Rijiyar mai tana ratsa ruwan da mutane ke sha kafin ta kai ga mai, kuma bututun ƙarfe da simintin ne kaɗai shinge tsakaninsu. Ga lakar haƙa da ake tarawa a ramuka, ga ruwan gishiri da ke fitowa tare da mai, ga gas da ake ƙonawa idan babu inda za a kai shi. A 2011 rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni da ke yankin Neja Delta ya gano cewa a Nisisioken Ogale mutane na shan ruwa mai ɗauke da sinadarin benzin, mai jawo cutar daji, ninki 900 fiye da ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, kuma gyaran yankin zai ɗauki shekara 25 zuwa 30. Manoma da makiyayan Alkaleri da Akko kuwa, da rijiya da rafi suka dogara. Yanzu da man bai fara fitowa ba, a sa Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Jami'ar Jihar Gombe su ɗebi ruwan rijiyoyi da burtsatse da rafukan ƙauyukan da ke kewaye, su auna, a miƙa wa hakimai da dagatai kwafin sakamakon. Idan ba a auna yau ba, ranar da ruwan ya fara warin kananzir kamfani zai ce da ma haka yake, kuma manomi ba shi da takardar da zai kai kotu.