Mu da shiga aji, kamfani da karɓar kuɗi: ƙorafin malamin Turanci a Jafan

Duk wanda ya ƙirƙiro tsarin ɗauko baƙi su koyar da Turanci a makarantun gwamnatin Jafan ta hannun kamfanonin 'yan kamasho, Allah ya isa tsakanina da shi. Na faɗa, kuma ba na janyewa. 'Yan uwa da abokai a gida kullum saƙonsu ɗaya ne, wai in samo musu hanya su ma su zo su "kwashi yen". To ku zauna ku ji yadda ake kwasar tata.

Aikin sunansa ALT, wato mataimakin malamin harshe, kuma ƙofar shigarsa ba ɗaya ba ce. Akwai shirin JET na gwamnati, wanda aka soma tun 1987. Wanda ya dace da shi ya huta: gwamnati ce ke kawo shi, a biya masa kuɗin jirgi, albashinsa cikakke wata goma sha biyu, kuma daga 2025 an ɗaga na shekarar farko zuwa yen miliyan 4.02, ga damar sabuntawa har shekara biyar. Akwai kuma 'yan tsirarun da hukumar ilimi ta gari ke ɗauka da kanta. Sauranmu, mu ne na ƙofa ta uku. Hukumar ilimi ta fitar da kwangila, kamfanoni su yi takara, galibi wanda ya fi sauke farashi shi ke ci. Ina kuke jin zai cike giɓin ragin da ya yi? A jikin albashina. Ni ke tsayuwa gaban yara daga safe har la'asar, wani yana zaune a ofis a babban birni yana yanke kasonsa daga kuɗin harajin mutanen gari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da akasarin kamfanonin nan ke biya bai wuce tsakanin yen 200,000 zuwa 250,000 a wata ba, tun kafin a cire komai, kuma adadin ya yi shekaru yana tsaye cak. A 2021 dala ɗaya tana wajen yen 110. A Yulin 2024 ta haura 160. Shinkafa, abincin da ƙasar nan ke alfahari da shi, kilo biyar ya wuce yen 4,000 a 2025, kusan ninki biyu na farashin shekarar da ta gabace ta. Wutar lantarki ta tashi, kananzir ɗin ɗumama ɗaki ya tashi, albashi ko gezau. A gida kuwa sai a buga lissafi da naira a ce ai wane ya haye, a turo jerin buƙatu. Ba wanda ke tambayar nawa ne kuɗin haya.

Da ma a ce ɗan abin nan yana zuwa cikakke kowane wata, da sai a haƙura. Ina! Makarantu na tafiya hutun bazara daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Agusta, sai kamfani ya ce ai ba ka shiga aji ba, ya gutsure albashin. A Disamba ma a ɗan taɓa. Shekarar karatu a nan tana farawa a Afrilu ta ƙare a Maris, saboda haka kwantiragi ya mutu kafin Maris ya ƙare, sabo ba zai fara ba sai an buɗe makaranta a Afrilu, kwanakin da ke tsakani kuma ka ci iska. Ga shi kuɗin wannan watan sai wajen ƙarshen wata mai zuwa ake biya, don haka sabon zuwa sai ya yi kusan wata biyu yana aiki bai ga ko kwabo ba. Mai gidan haya bai san hutun bazara ba. Kamfanin iskar gas bai san kwantiragi ya mutu ba. Sannan a watan Yuni na shekararka ta biyu takardar harajin mazauna gari ta faɗo maka, kusan kashi goma cikin ɗari na abin da ka samu bara bayan an cire kason da ba a yanka wa haraji. A taron horaswar da suka yi mana sun ɓata yini suna koya mana yadda ake sunkuyawa a gaida shugaban makaranta, amma ba wanda ya buɗe baki ya ambaci wannan harajin.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne dabarar awa 29 da rabi. Shekara da shekaru ƙa'idar da ake bi ita ce ma'aikacin da ya kai wajen awa 30 a mako dole kamfani ya sa shi cikin inshorar lafiya da fansho na ma'aikata, wanda suke kira shakai hoken, kamfani ya biya rabi. Sai suka rubuta mana awa 29 da rabi a takarda. Ina isa makaranta wajen ƙarfe takwas, ba na fita sai bayan ƙarfe huɗu, Litinin zuwa Juma'a. Ku lissafa da kanku. Wai lokacin da ke tsakanin darasi da darasi "hutu" ne, alhali a cikinsa nake yanka kwali, nake duba rubutun yara, kuma ba ni da ikon taka ƙofar makaranta in fita. Gwamnati ta yi ta matse ƙa'idar a 2016 da 2022 da 2024, har ta sauko zuwa awa 20 ga kamfanoni masu ma'aikata sama da 50. Namu kamfanin da ya ga ba mafita ya sa mu, amma ya sake lissafin albashi ta yadda abin da ke shiga aljihu ya ƙara ƙanƙancewa, sannan ya aiko da wasiƙa yana taya mu murna. Murna!

A cikin makarantar kuma wani abin dariya ne mai sa kuka. Akwai irin kwantiragin da doka ta ɗauka cewa kamfani aka ba aikin, ba ni ba, don haka malamar da teburinta ke manne da nawa ba ta da hurumin ba ni umarni kai tsaye. Sai ta rubuta abin da take so a darasin, a tura wa kamfani ta na'urar faks, kamfani ya turo mini. Muna shan shayi daga buta ɗaya, amma maganar aikinmu sai ta je wani birni ta dawo. Kowa ya san wasan kwaikwayo ne, kowa na karya ƙa'idar a ɓoye, in kuma aka sami matsala ni za a ce na wuce gona da iri.

A ƙaramar sakandare mu kanmu muna kiran juna rakoda mai rai. Darasi minti 50, aikina a ciki in karanta jimla yara su maimaita, in koma gefen taga in tsaya, malami ya cinye sauran lokacin yana bayanin nahawu da Jafananci. Kashegari in tafi firamare, can kuma abin ya juye. Tun 2020 Turanci ya zama cikakken darasi mai maki a aji biyar da shida, 'yan aji uku da huɗu ma suna taɓawa, amma malaman aji da yawa ba a horar da su a kai ba. Sai a sakar mini ajin kacokan, malamin ya koma baya yana duba littattafan lissafi. A takarda ni mataimaki ne, ba ni da lasisin koyarwa na ƙasar, ba a yarda in riƙe aji ni kaɗai ba. A aikace ni ke tsara darasi, ni ke koyarwa, ni ke tsalle da waƙa minti 45, aji bayan aji har muryata ta dishe. In aiki ya taso ni sensei ne, wato malam. In aka zo maganar garaɓasar da malamai ke karɓa sau biyu a shekara, ni baƙon kamfani ne.

Ba malaman nake zargi ba, gaskiya. Binciken ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe, OECD, na 2018 ya nuna malaman ƙaramar sakandare a Jafan suna aikin awa 56 a mako, sun fi na kowace ƙasa da aka auna. Bayan darasi ga kula da ƙungiyoyin wasanni, har Asabar da Lahadi. Mutumin da bai sami lokacin ganin 'ya'yansa ba, yaushe zai zauna da ni mu tsara darasi? Sai dai wahalarsu ba ta rage mini tawa. Ana canja jadawali a taron safe cikin Jafananci mai sauri, ba wanda zai juyo ya faɗa mini. Na sha ɗaga kai in ga ofishin malamai wayam, ashe kowa yana babban zaure wajen wani biki, sanye da baƙar kwat, ni ina zaune da rigar sanyi mai launi. Lokacin jarrabawa kuma a ce dole in zo in zauna a teburi yini guda ba aikin fari ba na baƙi, kuma kada a kuskura a ga waya a hannuna.

Ga Musulmi akwai ƙarin kaya. Abincin rana na makaranta, kyushoku, kowa iri ɗaya yake ci, a cikin aji, yara ne ke rabawa, kuma ana son baƙon malami ya zauna ya ci tare da su. Tsari ne mai kyau, ban musa ba. Amma alade yana cikin miya, yana cikin kori, yana ɓoye a cikin romo da ba ka ganin ko tsoka. Harafin da ke nufin alade na riga haddace shi kafin na iya rubuta adireshina. Da na nemi in riƙa zuwa da abincina, sai da maganar ta bi ta kamfani, ta je hukumar ilimi, ta dawo wajen mataimakin shugaban makaranta, wanda ya ja iska ta haƙora ya ce abin "da ɗan wuya". A nan in aka ce maka da ɗan wuya, to a'a ake nufi. Sai da na nace kafin aka bari. Sallar azahar a ɗakin ajiye kayan koyarwa nake yin ta, a tsakanin taswirori. Juma'a kuwa sai dai in ji labari, domin a ƙauyukan arewacin ƙasar nan masallaci mafi kusa tafiyar awanni ce, manyan irin na Tokiyo da na Kobe kuma sai lokacin hutu. Sannan a gayyace ka walimar malamai ta ƙarshen shekara, ka biya wajen yen 5,000 daidai da mai shan giya har ya faɗi, kai kuwa shayin ulon da ɗanyen waken soya ka sha ka ci. In ka ƙi zuwa a ce ba ka son jama'a.

Sai batun fata da lafazi. Bizar wannan aiki tana bukatar mutum ya yi karatun shekara 12 da harshen da zai koyar. Na yi, tun daga firamare har jami'a, hukumar shige da fice ta duba ta amince. Amma sai ga malamin da ba ya iya haɗa jimla uku yana gyara mini furuci a gaban yara, don bai yi daidai da muryar Ba'amurken da ke cikin faifan littafi ba. Abokan aikinmu 'yan Filifin, waɗanda yanzu su ne ƙashin bayan kamfanoni da yawa, su ma haka suke sha. Yara su taɓa gashina, su tambaye ni ko ina da zaki a gida, wannan ba ya damuna, yara ne, kuma wallahi su ne kaɗai dalilin da nake iya tashi in share ƙanƙara daga gilashin mota da asuba. Babba mai hankali ne ba ni da uzurin da zan yi masa. Binciken da ma'aikatar shari'a ta fitar a 2017 ya nuna kusan kashi 40 cikin ɗari na baƙin da suka nemi gidan haya an taɓa hana su saboda kawai baƙi ne. Ni dillalin gidaje a gabana ya ɗaga waya ya kira mai gida, ya ambaci ƙasata, ya yi shiru, ya ajiye, ya sunkuya yana ba ni haƙuri. Inda aka yarda kuma ka biya kuɗin ajiya, ka biya kuɗin "godiya" ga mai gida wanda ba ya dawowa har abada, ka biya kamfanin da zai tsaya maka.

Kada ma ka yi rashin lafiya. Doka ta ba ma'aikaci hutun kwana goma da biya bayan wata shida, kamfani ya zaɓi rabi ya lika su a ranakun da ya ga dama. In mura mai zafi ta kama ka makaranta ba za ta bari ka shigo ba, da gaskiyarta, amma kwanakin daga ragowar hutunka za a zare, in sun ƙare a zare daga albashi.

Duk wannan don me? A jerin ƙwarewar Turanci na 2024 da kamfanin koyar da harsuna na EF ya fitar, Jafan ta zo ta 92 cikin ƙasashe 116. Yaro ya saba da malami, ya fara buɗe baki, sai Afrilu ta zo ya ga sabuwar fuska, domin wani kamfanin ya fi arha a bana. Tun 2013 doka ta ce wanda aka yi ta sabunta wa kwantiragi har ya haura shekara biyar yana da ikon neman a mayar da shi na dindindin. To in kwangila ta koma hannun sabon kamfani, kana makaranta ɗaya, teburi ɗaya, yara ɗaya, lissafinka ya koma sifili. Ƙungiyoyin ƙwadago irin su General Union da ke Osaka da Tozen da ke Tokiyo sun daɗe suna ihu a kan wannan, kuma abin da suke nema ba wani abin mamaki ba ne: hukumomin ilimi su ɗauke mu da kansu, kuɗin da ake ba ɗan kamasho ya shiga albashi. Garuruwan da suka yi hakan ba su rushe ba.

Yanzu haka ga takarda a gabana daga kamfani, wai in bayyana ko ina son ci gaba a Afrilu. Ba a rubuta albashi ba. Ba a rubuta garin da za a kai ni ba, domin su kansu ba su san ko za su ci kwangilar ba sai cikin Maris, ga sabunta bizata na jiran amsar. Amma an ja layi da jan biro cewa in buga hatimina in mayar kafin Juma'a, wai jinkiri yana nuna rashin kishin aiki.